Tsinken Ƙarfe a Kan Ɗakin Inna

Shekarar da na fara koyarwa a Dutsin-Ma, ana gab da samun mulkin kai, na yi wa ɗakin Inna da ke Kurfi rufin kwano. Mutane suka ce kwano na jan aradu. Na sha ganin wani tsinken ƙarfe a kan ɗakin shan magani, an ce maganin tsawa ne, sai na zana shi a takarda na kai wa maƙeri. Muka kafa shi a tsororuwar rufin. Maƙwabta har kallo suke zuwa.

Da damina ta kama, ina ba wani mai gyaran wayar tangaraho labari, sai ya tambaye ni inda na binne wayar. Na ce wace waya? Ya ja ni bayan ɗakin shan maganin, ya nuna mini tagulla mai faɗin yatsa biyu, ta biyo bango daga tsinken ta nutse cikin rami mai gawayi da gishiri. Ni kullum daga kan hanya nake hango ginin, ban taɓa zagayawa ba.

"Malam," in ji shi, "ka kira baƙo, ba ka yi masa ƙofar fita ba."

Gabas ta riga ta yi baƙi. Ban koma aji ba, na hau keke na nufi Kurfi. Duk walƙiya sai in ƙirga har tsawa ta biyo, ƙirgen kuwa sai raguwa yake. Sau biyu sarƙa na zamewa.

Na iske Inna a ɗakin tana tankaɗe, ga ƙwaryar madara a bakin ƙofa, don a wajenmu madara kaɗai ke kashe wutar aradu. Na ce ta fito, ƙarfen zan cire. Ta ƙi, wai me za ta gaya wa matan unguwa? Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Kai wannan, jiya magani, yau kuma cuta?"

"Inna, rabin maganin na kwafo."

Ta ɗauki rariyarta ta koma zaure. Na sa tsani na hau, iska na fizgar rigata, na yi ta girgiza ƙarfen har ya tumɓuke. Sai daga baya na gane wautar hawa rufi a wannan lokaci.

Tagulla ba ta samu ba sai da kaka. Kafar da ƙarfen ya bari ta yi ta yoyo duk daminar. Inna ta dama fura da madarar, ta tara ƙwaryar a ƙarƙashi.