Kwalaben Sa'idu da Waken Sadaka

Shekara ashirin da tara ke nan da rasuwar ƙanena Sa'idu, wanda 'yan kasuwar Jalingo suka fi sani da Malam Mai Ƙwari. Ni ce babbar yayarsa. Ni na goye shi, ni na raka shi makaranta ranar farko yana kuka yana riƙe da zanena. Duk shekara idan ruwan farko ya sauka nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in ajiye. Bana na daure, domin abin da na gani a ɗakin girkina watan jiya ya hana ni sukuni, kuma shekaruna sun wuce na ɗage magana zuwa baɗi.

Sa'idu malamin gona ne a sashen bincike. An dawo da shi daga Yola lokacin da Jalingo ta zama babban birnin jiha, ana ta raba ma'aikata ofisoshin da ko kujeru ba su ishe su ba. Abin da ya samu tebur ɗaya ne, da tsohon babur, da ɗan gilashin ƙara girman abu da yake ratayawa a wuya kamar laya. A gidana na Majidaɗi ya sauka kafin ya kama haya a unguwar Turaki ya ɗauko matarsa Hauwa. Wata takwas ɗin da ya yi a wurina na sha fama. Ka ɗaga katifa ka ga ganyen masara a cikin tsohuwar jarida, ka ɗaga tabarma ka ga na gyaɗa. Na ce masa idan kunama ta biyo ganyen nan ta harbe ni, shi da ofishin nasu za su gane kurensu. Dariya kawai ya yi ya ƙara wasu.

Babban abin da ke cin ransa a lokacin shi ne manoma ba sa bambanta shukar da ke ciwo da wadda ke jin yunwa. Ya sha zaunar da ni, ni malamar firamare da ban taɓa riƙe fartanya da gaske ba, yana nuna mini. Idan ganyen ƙasa ne ya fara yin rawaya daga baki yana bin tsakiya, masara taki take nema. Idan kuwa zane-zane ne sirara a kan sabon ganye, wannan cuta ce. A shekarun nan taki ya yi wuya, sai mai hanya yake samu, amma maganin feshi ko'ina akwai shi, a kwalaben da ko takarda babu a jikinsu. Sai manomi ya ga gonarsa ta yi rawaya ya sayo magani ya fesa, ba ta farfaɗo ba ya ƙara. Sa'idu yakan dawo da yamma fuskarsa a murtuke, ya ce yau ma ya ga an ba mai jin yunwa guba.

Bin sawun maganin nan ne ya kai shi rumbunan 'yan kasuwa. Iyayenmu da toka da barkono suke ajiye wake, amma wannan dabarar ta tukunya ce, ba ta isar mai buhu ɗari. Sai masu ajiya suka koma barbaɗa hodar magani a cikin buhu, wasu ma na feshin gona suke yayyafawa su ɗinke baki. Wake ya yi wata shida fes, babu huda ko ɗaya, mata suna rububinsa. Sa'idu ya so ya san nawa ne ke saura a jikin waken idan ya iso tukunya, amma babu na'urar gwaji a garin nan. Ya ƙulla samfuri a leda ya aika wani ɗakin gwaje-gwaje mai nisa ta hannun direba, ya jira, ya sake aikawa, ya rubuta takarda. Har ya bar duniya amsa ba ta zo ba.

Da ya ga jira ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya ɓullo da tasa dabarar. Ya tara kwalaben zuma da na man shafawa ya wanke tas. Ya ware wata babba yana kiwon ƙwarin wake a ciki, yana ciyar da su da waken da Hauwa ta ajiye da toka. Idan ya sayo mudu a kasuwa, sai ya zuba kaɗan a kwalba ɗaya, ya zuba na gida a ta biyu, ya ƙirga ƙwari goma-goma ya saka, ya rufe da ƙyalle ya ɗaure da roba. Bayan kwana uku ya duba. Idan na kwalbar gida suna yawo, na kwalbar kasuwa sun mimmiƙe, to ya san abin da ke cikin waken. Shi da abokin aikinsa Mista Yohana, wani ɗan ƙabilar Mumuye mai haƙuri da ke zaune a Mayo Gwoi, suka cika littafi biyu da sakamakon wannan gwaji.

Daga nan ya zama abin dariya. Ya shiga kasuwa da kwalba a aljihu yana ce wa mata su daina gudun wake mai huda, masu wake suna yi masa kallon wanda ya zo kashe musu kasuwa. Har sun kai ƙararsa wurin shugabansu, aka kira shi aka ja masa kunne. Ni kaina kunya nake ji. Na ce masa duk karatun da aka yi masa a kiwon ƙwari zai ƙare, abokansa suna can suna neman kujera a sabuwar jiha. Bai yi fushi ba, shi dama ba ya fushi da ni. Adda yake kirana, wato babbar yaya. Ya ce:

"Adda, idan kin ga ƙwaro yana yawo a cikin mudu, ki saya. Abin da bai kashe shi ba, ba zai kashe ki ba."

Na ce na ji, don dai ya ƙyale ni.

Ciwon kwana tara ya yi a farkon damina. Ciwon kai, amai, rawar jiki, daga baya ya daina gane mutane. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Ni dai har yau zuciyata tana ba ni cewa rumbunan da yake shiga yana shaƙar hodar nan suna da hannu, amma ba ni da hujja, domin shi ma ba a samu inda za a gwada jininsa ba. Ya rasu bai cika arba'in ba, ya bar Hauwa da yara uku.

Yanzu na zo wurin da nake ajiye biro duk shekara.

A gidanmu ranar sadakar bakwai ƙosai ake soyawa a raba wa unguwa. Hauwa tana takaba, don haka hidimar ta dawo kaina. Ana jibi sadaka na shiga kasuwa. Lokacin tsohon wake ne, mai huda ya fi yawa, kuma na tsaya a gaban wani tire da ƙwari ke yawo a kai, maganar Sa'idu ta faɗo mini. Sai na tuna matan da za su zo taya ni surfe. Matan ma'aikata, dangin Hauwa daga Yola, maƙwabta masu ido. Na ce a raina, ashe ƙanena ya mutu a yi masa sadaka da hujajjen wake, a fita ana cewa yayarsa ta yi masa rowa? Na wuce gaba na zaɓi wanda ya fi kowanne kyau, fari tas, ƙwaya manya-manya. Wallahi don in girmama shi na yi.

Da na biya Turaki kafin in wuce gida, Hauwa ta ɗebi waken a hannu ta daɗe tana kallo. Ta ce a hankali:

"Adda, ba za a saka a kwalba ba?"

Na ce mata gwajin kwana uku yake ci, mu kuwa jibi ne sadaka, kuma don Allah a bar mu da maganar ƙwari ko na mako ɗaya ne. Mai takaba ce, kuma ni ce babba, ba za ta ja da ni ba.

A gidana muka jiƙa, muka surfa, muka wanke ruwa uku. Ƙosai ya yi kyau, kowa yana yabawa. Da hantsi aka raba. Kafin la'asar yaran maƙwabta sun fara amai, wasu manya suna riƙe ciki, ana ta neman motar kai mutane asibiti. Yawancinsu sun warware cikin kwana biyu. Amma Inna Dudu, tsohuwar da ke gidan da ke kallon namu, wadda ta ce a ƙara mata don tana son Sa'idu, ba ta sake tashi da ƙafarta ba. Bayan mako biyu aka yi jana'izarta. 'Ya'yanta ba su taɓa ce mini uffan ba. Sun ce tsufa ne, kwana ya ƙare, kuma na san kwana idan ya ƙare babu mai ƙara shi. Sai dai da sun zage ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Akwai sauran wake a ƙasan buhu. Washegarin sadakar na je Turaki na ce wa Hauwa ta nuna mini yadda ake yi. Ba ta ce mini ai na gaya miki ba, Allah Ya saka mata da alheri. Ta ɗauko kwalba biyu, muka ƙirga ƙwari tare, muka ɗaure ƙyalle. Ba a ma kai kwana uku ba. Da na leƙa washegari, duk goman da ke kan wakena sun kwanta ƙafafu a sama, na kwalbar toka suna ta hidimarsu.

Ranar na kwashe kwalaben na kai gidana. Tun daga lokacin ba a dafa wake a gidan nan sai ya kwana uku a kwalba. Ƙwarin kuwa idan sun ƙare, daga hujajjen waken kasuwa nake ƙaro su. 'Ya'yana sun tashi a haka, surukaina sun yi gunaguni sun gaji. Kuma duk shekara idan kwanan rasuwarsa ya zagayo, nakan soya ƙosai da waken da ƙwarin Sa'idu suka amince da shi, in raba, in fara da gidan Inna Dudu. Ban taɓa gaya musu dalili ba, ina jin sun sani.

Nakan zauna in ce da zai dawo ya ga Jalingon yau, me zai ce? Akwai abin da zai faranta masa. Jikata Fa'iza, da ke karatun aikin gona, ta nuna mini yadda ake ɗaukar hoton ganye da waya ta faɗa maka ko cuta ce ko yunwa. Abin da ya sa ya cika mini ƙarƙashin katifa da ganye, yanzu ga shi a tafin hannu. Na san da sai ya ƙwace wayar ya hana ta. Amma idan ya fita daga gidan ya zaga gari, murnar ba za ta kai shi bakin titi ba. Shagunan maganin feshi sun ninka na zamaninsa ban san sau nawa ba. Na ga an fesa wa tumatir magani da safe an kawo shi kasuwa da rana. Na ga jarkar magani an ɗauraye ta ana sayar da manja a ciki. Littattafansa biyu kuwa, Mista Yohana ya ce an sa su a kwali lokacin da aka sauya ofis, da aka waiwaye su gara ta gama da su. Ba wanda ya yi da mugunta. Ba wanda ya san akwai wani abu a ciki.

Duk wannan na haƙura da shi, domin ina ganin ko ba komai kwalaben suna nan suna aiki. Sai watan jiya, da na fara shirin sadakar bana. Fa'iza ta sayo mini wake. Tana kwance ledar wari ya buge ni, warin magani sosai, har ya sa ni atishawa. Na ce yauwa, bari in nuna miki aikin kakanki. Na zuba a kwalba, na ƙirga goma, na ɗaure. Kwana ɗaya suna yawo. Kwana uku suna yawo. Na bar su har mako, suka huda waken suka yi ƙwai. Na sauya ƙwari, na sake sayo wani mai warin, haka dai.

Na sa aka kai ni Mayo Gwoi wurin Mista Yohana. Ya tsufa, ido ya yi rauni, sai da ya kai kwalbar dab da fuskarsa. Ya buɗe ya sansana ya kawar da kai. Sannan ya ce:

"Ƙwari ya saba da magani, Adda. Shekara da shekaru ana ba shi, yanzu ba ya kashe shi. Shi ya sa masu buhu suna ƙara yawan magani."

Na tambaye shi, mu fa, mun saba? Ya ce mu ba ƙwari ba ne.

A mota muna dawowa Fa'iza ta ce, "Kaka, to yanzu wanne za mu riƙa saya?" Na buɗe baki in ba ta amsar da Sa'idu ya ba ni, sai na ga ba ta da sauran amfani. Ƙwaro yana yawo a cikin mudu, gubar kuma tana nan.

Idan na auna abin da ya rage na ƙanena, ba shi da yawa. Yaransa sun girma, suna da kirki, babu wanda ya bi aikin gona. Sunansa ba ya jikin kowace takarda. 'Yan kasuwar da suka yi masa dariya yawancinsu sun bi shi gidan gaskiya, 'ya'yansu ne ke ɗinke buhunan yanzu. Gaskiya ya faɗa, kuma ya faɗe ta da wuri, amma ko yayarsa ba ta ji ba sai da aka kwashi maƙwabta zuwa asibiti. Abu ɗaya da na riƙe nake cewa nasa ne kuma yana da rai, shi ma ga shi ya daina faɗin gaskiya. Ina baƙin ciki, kuma ba na jin akwai wanda zai lallashe ni a kan wannan. Allah Ya jiƙan Sa'idu, Ya jiƙan Inna Dudu, Ya yafe mini.

Na wanke kwalaben na kife su a kan kanta, na kasa zubarwa. Ranar ta zagayo makon jiya. Na tashi da safe na ɗauko kaskon suya, na tsaya ina kallon waken, sannan na mayar da kaskon inda yake. Da hantsi jikar Inna Dudu, wadda yanzu ita ma uwa ce, ta leƙo ta gaishe ni, ta ce sun ji shiru bana, ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, waken ne ban yarda da shi ba.