Sunan Mai Albasa

Duk faɗin unguwar Sabo babu wanda ya kai kakarmu Iya Hanne zargi. Ko kaza ce ta shigo gidan, sai ta tambaye ta wanda ya aiko ta. Ƙosai take soyawa a tsakar gida, mu jikoki mu miƙa wa masu saye a ƙofa. Bayan isha'i in kasko ya sauka, sai mu kewaye garwashin, ta raba mana ƙonannun gutsattsari da tatsuniya. Ni take ce wa "mijina", ko da yake kullum sai ta nemi in ba ta takardarta don na cika ci.

A shekarun nan ne wasu mutanen asibiti suka fara bin gidaje, suna binciken abin da ke jawo gigin tsufa. Wai za su riƙa dawowa shekara da shekaru, su auna jini, su ji me tsoho yake ci, su ga wa zai rikice, wa zai tsira. Wata nas Bayarabiya da muke ce wa Sista ce ta zo mana. Iya ta amsa komai tana hararar jakarta, har aka zo kan, "Mama, yaya sunan ɗanki na fari?"

Iya ta kafa wa bango ido. Ɗan farinta shi ne babana, kuma mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari. "Mai Albasa" take ce masa, saboda sana'arsa a kasuwar Bodija. Sista ta sake tambaya, Iya ta ƙi kama sunan. Sai ta yi rubutu da fuskar tausayi, ta tafi.

Ran nan ba mu ma roƙi tatsuniya ba.

"Ga ta nan," in ji Iya, "mai gyangyaɗi ba shi da ƙosai."

Wai wani baƙo ne mai fararen kaya ya sauka a wani gari da gora a rataye. Ga fara'a, ga ladabi. Bai roƙi komai ba, sunaye kawai yake tambaya. Duk sunan da aka faɗa masa sai ya faɗa cikin gorar, mai faɗin kuwa ya manta shi har abada. Kafin kasuwa ta zagayo, miji na yi wa matarsa sannu da baƙunta, mai gari na tambayar gidan mai gari. Saura wata tsohuwa. Baƙo ya yi lallashi, ya yi kyauta, ta ƙi faɗin sunan ɗanta. Shi ya sa duk garin ita kaɗai ce in ɗanta ya dawo daga fatauci take gane shi.

Na ce, "Iya, Sista ce mai gorar?"

"Na kama suna? Mijina, bakinka ya fi kaskon nan faɗi."

Innata ce daga baya ta yi wa Sista bayanin kunyar ɗan fari. Baiwar Allah ta dawo tana dariya, ta zube har ƙasa tana ba da haƙuri. Da ta fita Iya ta ce, "Kun gani? Ƙarƙashin gadona take leƙe."

Haka suka yi ta yi har na yi gemu. Sista ta zo, ta auna, ta tambayi sunan don tsokana, Iya ta ce, "Mai Albasa. Ki kai wa wanda ya aiko ki."

Wata rana da la'asar Baba ya dawo daga Bodija, furfurarsa fara fat. Iya ta ɗaga kai daga tabarma ta ce, "Haruna! Ina ka shiga? Zo ka ci tuwo, kada malam ya dake ka."

Innata ta saki ludayi. Baba ya tsuguna gabanta, ya ce, "Ga ni, Iya." Da muka gaya wa Sista, ba ta buɗe jakarta ba, hannun Iya kawai ta riƙe. Kafin damina ta wuce, Iya tana tambayar wane ne wannan ƙaton da ke ce mata matarsa.

Na san ba Sista ce mai gorar ba. Neman inda mai gorar yake shigowa take yi, ko ta hawan jini, ko ta sukari, ko ta gado. Amma zargi ma ana gadonsa. Kwanaki wasu yara masu fararen kaya suka zo, wai yanzu masu shekaruna suke bi. Na ba su hannu suka auna, na lissafa musu duk abin da nake ci har takardarsu ta ƙare. Sai ɗaya ya ce, "Baba, sunan ɗanka na fari?"

Na dubi jakarsa sosai. Na ce, "Rubuta cewa yana nan, ban manta ba. Ranar da ka ji na faɗa, to ka zo da sauri."