Ranar da na ƙona babur ɗin Kawu

Shekarata ashirin ina gyaran babur a Suame, unguwar makanikai, kuma Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ya kai ni koyon aikin da hannunsa. Ko'ina ya zauna a Zongo sai ya yi ta cika baki da ni. Don haka da ya sayi babur mai batir, wanda yake kai wa matarsa tukwanen wake da shinkafa kasuwa da shi, ban iya ce masa ban san kansa ba.

Wata safiya babur ɗin ya mutu masa a kan tudun Asokore Mampong. Na je na duba, ba fulogi, ba kafireto, ba abin da na saba taɓawa. Mu kuwa a wurinmu, babur in ya ƙi tashi, turawa ake yi. Na zare wayar batir wai kada wuta ta ja ni, na haye, na sake shi a gangara. Ban kai ƙasa ba na ji warin roba.

Muka kai wa wata mata a Bantama mai gyaran irinsu. Ta buɗe akwatin da ke raba wa injin wuta, ciki ya yi baƙi ƙirin. Ta ce fis ne kawai ya tsinke da farko. Sannan ta haɗa mitar awon wuta da wayoyi biyu cikin ukun da ke fitowa daga tayar baya, ta juya tayar da hannu, lamba ta hau. Ashe injin mai maganaɗisu ne, a cikin tayar yake. In an ba shi wuta ya juya, in kuma aka juya shi, shi ke haifar da wuta ya turo ta baya. Da na cire batir, wutar ta rasa inda za ta zuba, sai ta cinye akwatin.

"Wa ya gangara da shi?" in ji ta.

Kawu ya ce, "Ni ne, 'yata."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sati uku matarsa tana ɗaukar tukwane a ka, bai faɗa wa kowa ni na ƙona shi ba.

Bayan wata biyu ina zaune a rumfata, sai ga shi yana jan babur ɗin a hankali, birki ya lalace. Birki kuwa ko ido rufe ina gyara shi. Na miƙe, na ce, "Kawu, sannu da zuwa."

Ya amsa, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ja abinsa ya wuce.