Na je Yamai ɗauko ɗiyata

Mun tashi da asuba daga tashar Filingue: ni, da ƙanen marigayi mijina, da wata maƙwabciyata mai zuwa asibiti, sai direba, sai buhun hatsin da na hana kowa ya zauna kansa. Nufina guda ne, in ɗauko ɗiyata da 'ya'yanta kafin damina, don bara ruwa ya kada musu ɗaki a unguwarsu ta gefen Yamai.

Hanya ba laifi, sai tsayawa. Tun da sojoji suka hau mulki, kowane shinge sai an sauka an nuna takarda. A Tabla na sayi kopto, kwaɗon zogale, zogalen da yawa, ƙulin kamar an ba da aro. Na gaya wa mai shi.

Da muka isa ban tarar da ita gida ba. Jikata ta ja ni gindin wata bishiya inda unguwa ta taru. An zana unguwar a ƙasa da tsinke, ga layuka, ga masallaci. Mutanen lameri, ofishin magajin gari, da na wata ƙungiya suna zaune kan tabarma guda da masu tura amalanke da mata masu wankau, suna tambayar ta ina ruwa ke shiga. Lameri za ta ba da siminti, ƙungiya ta kawo magina, 'yan unguwa su yi haƙa. Sai ga ɗiyata, wadda a gida ko gaisuwa sai ta sunkuya, ta karɓi tsinken ta ce magudanar ba nan za ta bi ba, ta bayan injin niƙa ruwan ke faɗowa. Aka share, aka sake zane.

Da muka koma gida na ce ta haɗa kaya.

"Inna, in na tafi wa zai haƙa rabon ƙofarmu?"

"Mijinki hannunsa ya karye?"

"Yana haƙa nasa. Kowa da rabonsa."

Na ƙara kwana uku har aka fara haƙa. Na fita na bi ramin tun daga injin niƙa har gangare, ina zura sandata. Zurfi ya yi. Amma diga guda suke karɓa-karɓa a layin duka, bakinta ya mutu. Na ce musu da wannan sai kaka su gama. Suka yi dariya, ni ban yi ba.

Na bar mata hatsin, na dawo ba ita, ƙanen mijina yana ta zolayata wai an kada ni. Abin da na gano, wanda aka tambaye shi inda ruwa zai bi, ba ya barin wurin.

Da safe na buɗe ɗakin marigayi, na ɗauko digarsa, na kai maƙera aka wasa, na miƙa wa direba. Na ce ya gaya mata aro ce, in an gama ta kawo mini da kanta, da yaran.