Hujin da ke jikin makankari

Ina kankare ƙanzo a tukunya aka bugo waya cewa yayana, direban babbar mota, ya rasu a hanyar Ngaundere. Makankarin da ke hannuna ɓawon wata halittar ruwa ne da ake kira kawa, tsarabarsa ce daga bakin teku.

Cike da leda ya kawo mini irinsa, kowanne da ɗan huji kamar na basilla. Na ce, "Yaya, na juji ka kwaso mini?" Ya ce aikin dodon koɗin teku ne. Wai yakan hau bayan kawa, ya yi ta goga ɓawon da harshensa mai kaushi har ya huda, ya tsotse naman.

"Ashe ɗan'uwanka ne," na ce. "Haka kake yi wa tukunyata."

Don ya ji haushi, na gaya wa matan unguwarmu, Rumde Ajiya, cewa da ƙusa ya huda su. Ya rantse a wannan tafiyar zai kawo dodon da ransa cikin jarka, ya rufe mini baki. Ni kuwa na shirya in ce ai shi ya koya wa dodon yin hujin a hanya.

Allah ya jiƙansa. Ba mu ƙarasa gardamar ba.