Hannun da Baba Ya Bayar

Mahaifina malamin dabbobi ne a ƙaramar hukuma. A Kiyawa muka taso, kuma tun ina yarinya warin maganin kaska ne warin gidanmu. Asalinmu na ruga ne. Shanun sun ƙare tun zamanin kakana, sai fulakon ya rage, shi kuwa Baba ya gaje shi har da rabon 'yan'uwansa. Idan ya ce "to", magana ta ƙare, ko da shi ne zai cutu.

A shekarar da nake ba da labari, Inna ta riga ta kwanta. Hawan jini ya shanye mata ɓarin dama, maganarta sai mu na gida ke ganewa. Ni ina aure a Dutse da ƙananan yara, ina zuwa ina komawa a adaidaita. Baba ne ke ɗaga ta, shi ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, kuma daga hannunsa kaɗai take karɓar kunu. Daga ofishinsa zuwa gida tafiyar ƙafa ce. Kowa ya san don ita ake barinsa a Kiyawa, alfarma ce kawai, kuma ana iya janye ta.

Sai zaɓen fid da gwani na gwamna ya taso. Mutum biyu ne a gaba cikin jam'iyya ɗaya: ɗaya na hannun manya, ɗayan kuma ya yi wa ma'aikata alkawarin ƙarin girman da ya daɗe a maƙale. Shugabannin ƙungiyar su Baba suka ce na biyun ne nasu, suka kira taro a Dutse. Na je bakin zauren taron in ba Baba maganin Inna, shi ya sa na ji da kunnena.

Da ciyaman ɗin ƙungiyar ya ce "goyon baya", da ba a yi haka ba. Goyo ai ana sauke shi in an gaji. Amma mutumin yana son manyan kalmomi kamar yadda yake son manyan riguna. Ya kama makirufo ya ce, "Yau mubaya'a za mu yi!" Aka yi tafi, aka jera dattawa, aka sa Baba a gaba saboda farin gemunsa zai yi kyau a hoto. Na ga ya sa hannunsa cikin na ɗan takarar, bai yi dariya ba kamar sauran. Na san abin da kalmar take nufi a wurinsa. A littattafan addini ya karanta ta: ka ba da hannu, ka ba da kanka, babu warwarewa.

Ana gobe zaɓe da hantsi ciyaman ya yi sallama a gidanmu. Ina wanke zannuwan Inna a tsakar gida, ina jin su daga zaure.

"Baba Malam, al'amura sun canja," in ji shi. "An zauna da manya, an fahimci juna. Gobe ɗaya layin za mu bi."

"Mubaya'ar fa?"

"Haba Baba, ai salon magana ne. Siyasa ce fa."

"Kai ka ce in sa hannuna, ciyaman. Na sa."

Ciyaman ya sassauta murya ya ce, "Ya jikin Inna? Ka dai tuna da ita." Har yau ban ji gaisuwar mara lafiya da ta kai wannan muni ba.

Da ya tafi na durƙusa gaban Baba. Na ce, "Baba, don Allah ka zauna a gida gobe. Ka ce ba ka jin daɗi." Ya ce, "In karya alkawari, in ɗora ƙarya a kai?" Na yi kuka, na ce ɗan takarar nan ko sunansa bai sani ba. Ya ce, "Allah ya sani."

Zaɓen ƙato-bayan-ƙato ne. Ba akwati, ba ɓoyo: a ɗaga hoton ɗan takara, ka je ka tsaya a bayansa, gari na kallonka. A filin firamaren da ke kallon ƙofar gidanmu aka yi, ina leƙe daga zaure. Layi ɗaya ya miƙe har ya lanƙwasa bayan azuzuwa, ciyaman a gaba da mutanensa, duk waɗanda suka yi tafi a Dutse. Ɗayan layin ba ya ma kama da layi. Wasu samari ne kaɗan, sai Baba a tsaye cikin rana da hannuwansa a baya. Wani na zagaye da waya yana ɗaukar fuskoki.

Ɗan takarar Baba ya faɗi. Mako bai cika ba na ji shi a rediyo yana kiran wanda ya ka da shi "yayana". Ciyaman ya canja mota. Baba kuwa, kafin ruwan farko aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye gaba da Garki. Ya je ƙungiya, aka ce masa daga sama ne, ba yadda za su yi.

Ya zama sai ranar Juma'a yake zuwa gida, ya tafi Lahadi. Na kwashe yarana na dawo Kiyawa. Ni da ƙanwar Inna muke ɗaga ta da ƙyar, in na kai mata cokali sai ta kawar da kai ta zuba wa ƙofa ido. In Baba na gida kaɗai take cin abin kirki. Ta rame, bayanta ya yi gyambon da Baba ya daɗe yana tsare mata. Na ji haushin ciyaman, na ji haushin ɗan takarar, amma gaskiya haushin Baba ya fi ci na, don shi ne nake so.

Wata ranar Laraba da safe Inna ta cika, cikin damina. Aka kira Baba, ya taso a babur, hanyar ƙauyen ta cika da ruwa. Aka jira har la'asar, liman ya ce ba za a ƙara jira ba. Ya iso wandonsa duk taɓo, ya haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Ranar sadakar uku ciyaman ya zo da tawagarsa. Na fito da ruwan sha zaure daidai lokacin da ya tsuguna gaban Baba ya miƙa hannu, yana cewa Allah ya jiƙanta. Baba ya amsa da amin, amma hannunsa na dama bai bar kan gwiwarsa ba. Hannun ciyaman na nan a miƙe.

"Ka yi haƙuri, ciyaman," in ji Baba. "Wannan na riga na bayar. Ko ita ba ta same shi ba."