Goggo Karan-ɗori da Babban G

Kafin mai shara ya gama goge tebura, Goggo ta riga ta zauna. Takan ajiye jakarta ƙarƙashin tebur, ta tura kofin shayinta nesa da kwamfuta, sannan ta shiga bin ayyukan jiya tana neman wanda ya ƙara sabon harafi bai faɗa mata ba. Kullum kuwa sai ta kama wani. Makon jiya ta ajiye aiki, ni kuma da teburina ya yi shekaru jingine da nata, na ga bai kamata ta tafi shiru ba.

Bari in yi wa wanda bai san sana'armu ba bayani. Manhaja muke haɗawa, wadda shagunan magani ke amfani da ita. Kafin mu sake ta sai an bi ta da gwaje-gwaje masu yawa, kuma ana tayar da su ne ta rubuta umarni a wani baƙin allo. Mu masu rubuta manhaja kuwa Allah ya zuba mana ƙiwar rubutu. Maimakon kalma sukutum, sai mu sa karan ɗori da harafi ɗaya: -s a yi aiki shiru, -t a tsaya da zarar an ci karo da kuskure. Wanda ya ƙirƙiro harafin ya san nufinsa yau, jibi shi kansa ya manta. Aikin Goggo shi ne ta bi kowane harafi, ta rubuta abin da yake yi a shafin taimako yadda kowa zai gane. Daga nan sunan Goggo Karan-ɗori ya bi ta, har manaja da shi yake kiranta.

Abin da ta tsana a duniya shi ne ka ce mata, "Ai a fili yake." Sai ta sauke tabarau ta kalle ka sama da ƙasa. "A fili a wurin wa, ɗana? Zo ka buga in gani." Ba ta taɓa rubuta bayanin harafin da ba ta gwada da hannunta ba, kuma mun sha jin haushinta kan haka.

Wanda ya fi kowa shaidar aikinta shi ne Kawu, dattijon masu gwajinmu. Ciwon suga ya ci masa ido sannu a hankali, har ya koma aiki da muryar kwamfuta, mai karanta masa abin da ke kan allo ta abin sawa a kunne. Ya sha faɗa mana cewa ranar da aka zaunar da shi a gida, ranar ce zai makance da gaske.

Wata rana Kawu ya tayar da gwaji, sai sakamakon da muka daɗe muna tarawa ya ɓace ɓat. Aka duba, aka ga babban G ya buga a maimakon ƙarami. Ƙaramin g gwadawa yake yi, babban kuwa gogewa. Manaja ba mugu ba ne, amma ranar ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya tsaya a kan Kawu ya sassauta murya.

"Kawu, anya lokaci bai yi ba da za ka huta?"

"Yallaɓai, abin da shafin ya faɗa mini shi na buga."

Muka leƙa shafin taimakon, duk mai ido ya ga lafiya lau yake, ga ƙarami ga babba, kowa da layinsa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, amma ban ga mafita ba.

Goggo ce ta taso. "Yaya, ara mini abin kunnenka," ta ce wa Kawu. Ta zauna a kujerarsa, ta rufe ido ruf, ta saurari shafin da ita ta rubuta. Muryar ta karanta harufan biyu iri ɗaya sak, babu abin da ya raba su. Ta cire abin kunnen ta juyo.

"Yallaɓai, ba Yaya ne ya gaza ba. Shafina ne da masu ido kaɗai yake magana. In hutun za a bayar, a fara da ni."

Ba ta tsaya jiran amsa ba. Ta bi shafin daga sama har ƙasa ta sake rubuta shi, tana faɗin girman kowane harafi da kalma: ƙaramin g, na gwadawa, babban G, na gogewa, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Ta matsa mana lamba sai da muka sa babban G ya riƙa tambaya kafin ya taɓa komai. Na yi mata ƙorafi cewa layukan sun yi tsawo, ta ce, "To ka karanta a zaune." Manaja bai ƙara tayar da zancen hutun ba.

Goggo, ke ce mai sa harafi ya yi magana. Sunanki ba ya cikin manhajar, masu shagunan magani ba su san da ke ba, mu ma sai abu ya cije muke tunawa da teburinki. Amma sabon ma'aikaci bai taɓa jin kunyar tambaya ba, don kin riga kin amsa masa tun bai zo ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki ji daɗin hutun nan da jikokinki. Ku kuma abokan sana'a, in kun rubuta bayani kada ku tsaya a kallo, ku saurare shi, ku tuna da wanda ba irin idonku gare shi ba.

Ranar da muka yi miki sallama, Kawu ya riƙe waya yana ta zolayarki wai ki shirya, kiransa zai hana ki barcin rana. Dariya muka yi, amma ni na ji fargaba a muryarsa. To ga labarin da na kawo miki. Shekaranjiya an ƙara sabon harafi. Wadda ta gaji kujerarki ta rubuta bayaninsa, ta ari abin kunnen Kawu, ta rufe ido ta saurara, ta gyara kalma ɗaya. Kawu ya tayar da gwajinsa, ya gama lafiya, ya miƙe ya tafi neman shayi.

In kin ga wayarki shiru, Goggo, kada ki ce ya manta da ke. Bai buƙaci ya kira ba ne.